Jirgi marar matuƙi ko kyamarar hular kwano?

Injiniya, ka ce za ka kula da ginin bene hawa huɗu, kana son manhajar ƙirƙirarriyar basira ta riƙa nuna maka inda aiki ya kai, ka rasa wanne za ka ɗauka: jirgi marar matuƙi ko kyamarar da ake liƙawa a hular kwano.

Jirgin gwanin waje ne. Yana ɗaukar ɗaruruwan hotuna daga sama, manhaja irin DroneDeploy ta haɗa su su zama taswira mai tudu da kwari. Daga nan za ta lissafa maka yawan ƙasar da aka haƙa, da girman tulin yashi ko tsakuwa, har ka gane ko tifofin da aka rubuta maka sun shigo da gaske. A aikin titi ko dam ba shi da na biyu. Amma ranar da aka zuba dakin, wato rufin kankare na bene, abin da ke ƙarƙashi ya ɓace masa. Ga hazon hunturu, ga batun izini: a Najeriya sai hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, da ofishin mai ba da shawara kan tsaron ƙasa sun amince.

Kyamarar hula kuwa tana gani ta kowace fuska. Mutum ɗaya ya sa hular ya zaga ɗaki-ɗaki, manhaja ta ajiye kowane hoto a gurbinsa cikin zanen gini, da kwanan wata. Amfaninta yana fitowa ne bayan filasta. Ɗan kwangila ya rantse ya bi da bututun wayarin ta bango kaza, sai ka koma hoton makon da ya wuce ka duba, ba sai an fasa bango ba. Ni a wurina wannan kaɗai ya isa dalili.

Sai dai manhajojin kyamarar su ma iri biyu ne. OpenSpace ta Amurka tana aiki da zanen fulan na yau da kullum. Buildots ta Isra'ila kuwa tana gwada abin da ta gani da cikakken samfurin ginin na kwamfuta, wato BIM, da jadawalin aiki, ta ce maka an sa tagogi a hawa na biyu, na uku ya makara. In ba ka da BIM ɗin, kuma yawancin gine-ginenmu ba su da shi, ba ta da abin gwadawa.

Don bene hawa huɗu, kyamarar zan ɗauka. Jirgin sai in yi hayarsa lokacin haƙa harsashi, kila kuma lokacin rufi.

Abin da duk biyun ba sa gani shi ne cikin kankare. Ba za su gaya maka buhun siminti nawa ya shiga kwaɓi ba, ko an zare rodi da dare kafin zubi. Wannan sai ka tsaya da ƙafarka ranar zubin, ka ɗebi samfur a kai ɗakin gwaji a murƙushe shi bayan kwana 28.