Binciken tsutsar agwagi da zabi: me za ka fara saya?

Ɗaliban likitancin dabbobi daga Ngawundere ta ƙasar Kamaru kan tambaye ni injin da za su saya don tantance tsutsotsi masu faɗi da suke cirowa daga hanjin agwagi da zabi. Nakan ce musu: ƙannena, ku fara da alkol.

Na taɓa tara tsutsotsin agwagin bakin tafkin Lagdo na tsawon damina guda, na zuba su cikin fomalin, ruwan hana ruɓewa, saboda arha. Siffarsu ta tsaya cas, amma fomalin ya lalata DNA ɗin, ko ɗaya bai karantu ba. Har yau abin na yi min ciwo. Alkol irin etanol mai ƙarfin kashi 96 shi ne na DNA. Ka yanki ɗan gutsure ka jefa ciki, sauran jikin ka rina shi da jan rini mai suna karmin, ka ajiye a gilashi, ya zame maka shaida.

Sai madubin ganin ƙananan halittu. Da shi kake raba tsila irin Raillietina, wadda zabo kan ɗauka wajen cin tururuwa, da Echinostoma da agwagwa ke samu daga katantanwar ruwa. Sai dai ido na da iyaka. Akwai nau'o'in Echinostoma da dama masu ƙaya 37 a wuya, kamar an tsaga kara. A nan DNA ke raba gardama: yankin DNA mai suna 28S ya nuna maka dangi, yankunan nad1 ko cox1 su ware nau'i. Wajen sayen firama, wato gajerun gutsattsarin DNA da ke kama yankin da kake son karantawa, ka buɗe ido, domin na Folmer na 1994 da kowa ke yayi sukan ƙi kamawa a jikin tsutsa mai faɗi. Ka nemi waɗanda aka tsara dominta.

Wajen tatsar DNA, sinadarin Chelex ya fi kunshin DNeasy na kamfanin Qiagen arha nesa ba kusa ba, kuma ya isa idan ba za ka daɗe kana ajiya ba.

Injin karanta DNA kuwa, ko ɗan ƙaramin MinION, ban ba ka shawarar saye ba. Kayan aikinsa na son sanyi, ga zafin Garwa a watan Afrilu, ga ɗaukewar wuta. Ka leƙa LANAVET, ɗakin binciken cututtukan dabbobi na ƙasa da ke Bokle kusa da Garwa, ko IRED, cibiyar binciken kiwo ta Farsha a Njamena, ka tambayi batun PCR, wato dabarar ninka DNA, sannan ka aika samfurinka waje a karanta DNA ɗin ta hanyar da ake kira Sanger, ka biya kuɗin iya adadin da ka aika.