Kwandon raga na tace hop: wa zai saya, wa zai haƙura

Masu dafa giya a gida a Amurka da Ingila galibi lita 19 zuwa 23 suke yi a tashi guda, kuma kusan kowa yana cin karo da matsala iri ɗaya idan tafasa ta ƙare: ya za a raba ruwan tsiro da tarkacen hop, furen da ke ba giya ɗaci da ƙamshi? Abin da shaguna suka fi tallatawa shi ne kwandon raga na ƙarfe mara tsatsa, wanda suke kira hop spider. Dogo ne kamar gwangwani, yana da ƙugiya da ake rataya shi a bakin tukunya, faɗin ramukan ragar kuma yawanci maikron 300 ne ko 400 (maikron dubu ne milimita ɗaya).

Kafin a duba kwandon, a duba hop ɗin. Iri biyu aka fi sayarwa: busasshen fure yadda aka tsinko shi, da niƙaƙƙe da aka dunƙule ƙanana. Furen yana kumbura ya zauna da girmansa. Dunƙulallen kuwa da ya ji ruwan zafi sai ya watse ya koma koren laka mai laushi, kuma wannan lakar ce ke toshe komai.

A nan kwandon yake nuna amfaninsa. Yana riƙe yawancin lakar, ana iya ƙara hop a minti 60 ko 15 ko 5 kafin a sauke ba tare da an ƙona hannu ba, in an gama a ɗaga shi ya tsane. Wanda ke sanyaya ruwan da na'ura mai faranti, wadda hanyoyinta ƙanana ne ƙwarai, kusan dole ya mallake shi, don idan laka ta shige tsakanin farantan fitar da ita aiki ne ja.

Sai dai akwai abin da mai shago ba zai faɗa ba. Ɗacin hop ba ya fita sosai sai yana juyawa cikin ruwa mai tafasa. A cikin kwando ruwan ba ya tafasa kamar na waje, ga kuma furotin ɗin tsiro da ke curewa yana manne wa ragar tun a mintunan farko. Zuwa tsakiyar dahuwa za ka ga ruwan cikin kwandon ya kwanta lamo, in ka ɗaga shi ya ƙi zuba. Sakamakon shi ne ɗaci da ƙamshi su ragu. Maganinsa a sayi mai faɗi, inci 6 ba inci 4 ba, a zaɓi maikron 400 idan ba na'ura mai faranti ake amfani da ita ba, a riƙa motsa ciki da ludayi, kuma kada a cika shi fiye da rabi. Giyar da ake zuba wa hop mai yawa ta fi ƙarfin ƙaramin kwando. A auna zurfin tukunya ma kafin a biya kuɗi: in kwandon ya yi gajere hop ɗin ba zai nutse ba, in ya yi tsawo zai taɓa ƙarfen zafi na tukunyar lantarki.

Wanki kuma a yi shi nan take. A kifa shi a fesa ruwa daga waje zuwa ciki. In laka ta bushe a ragar sai an jiƙa da PBW, wato garin wanke kayan dafa giya, da ruwan zafi.

Bututun raga da ake ɗaurawa a bayan famfon tukunya, mai inci 6 ko 12, ya fi arha, kuma da busasshen fure yana aiki sarai, don furen da kansa yake taruwa a kansa ya zama matata. Da dunƙulalle kam asarar kuɗi ne: famfon zai tsaya cak tukunya na rabi. Faranti mai huda-huda da ake shimfiɗawa a gindin tukunya ma haka yake.

Wanda ke sanyaya ruwa da murɗaɗɗen bututun jan ƙarfe da ake tsomawa a tukunya bai buƙatar ko ɗaya. Ya cire bututun bayan ruwa ya huce, ya juya ruwan da tsabtataccen ludayi gefe ɗaya na kamar minti biyu, ya rufe ya bar shi minti 15 zuwa 20. Lakar za ta taru a tsakiya, sai a ja ruwa a hankali daga gefe. Ɗan abin da ya bi ruwa zuwa mazubin yis zai kwanta a ƙasa, ba ya ɓata giya. Tukunya mai faɗi da shafaffen gindi ta fi dacewa da wannan. A siririya tarin yakan rushe idan ruwa ya kusa ƙarewa.