Dajin Lane Cove: wuri ya yi, amma ka riƙe namanka da hannu biyu

Wani abokin karatuna a jami'ar Macquarie ya daɗe yana cika mini kunne da Lane Cove, wai daji ne sosai a tsakiyar unguwannin birnin Sidni na ƙasar Ostareliya. Ranar Asabar na kwashi maiɗakina da yara muka je. Bai yi ƙarya ba. Minti kaɗan da fita daga cunkoson unguwar Chatswood sai ga mu cikin dogayen itatuwan turare, ƙarar mota ma sai ka kasa kunne.

Tun daren Juma'a na jiƙa naman rago da yajin da na daka da kaina. Na jira murhun gashi ya samu, na gasa, na miƙa wa autarmu yankan farko. Tana kaiwa baki sai fuuu, wani abu ya sauko daga reshe ya fizge naman daga yatsunta. Kukabura ne, tsuntsun nan mai ƙaton kai da baki kamar almakashin tela. Ya koma reshe yana buga naman a jikin ice kamar ya kamo maciji, 'yan uwansa kuma suka kece da wannan kukan nasu mai kama da dariyar mutum. Yarinya na ihu, tsuntsaye na dariya. Wani dattijo a teburin kusa ya leƙo yana ce mini ba a ba su abinci. Na ce, Baba, wa ya ba shi? Ƙwace ya yi! Sauran naman a tsaye muka ci, maiɗakina na kare faranti da mayafinta.

Kwale-kwalen da muka yi haya ne ya sanyaya mini rai. Ruwan kogin da ya ratsa dajin kwance yake lumui, saboda madatsar da marasa aikin yi suka gina lokacin karayar tattalin arziki ta shekarun 1930, kafin a buɗe wurin a 1938, ita ke tare ruwan gishirin da ke haurowa daga teku. Manyan ƙadangaru na shan hantsi a kan duwatsu, ko gezau. Wanda ya ga koren nan ba zai ce gobarar Janairun 1994 ta cinye mafi yawan dajin ba. A nan har na ce a raina tauraro biyar zan bayar.

Muna dawowa muka tarar da talo-talon daji, baƙi mai jan kai, ya yage ledar burodinmu ya watsa ta cikin ƙasa, yana tono da ƙafa kamar gonar ubansa. Ga kuɗin ajiye mota na biya, ga yara da yunwa.

Tauraro uku. Autar ta ce ba za ta koma ba sai an kama tsuntsun.