Saƙo Daga Ingila: Su da Agogo Suke Kashe Kwamfuta, Mu Sai da Batir

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da Hajiya da yara baki ɗaya. Ka ce in nemo maka manhajar da za ta riƙa kashe kwamfutocin cibiyarka ta koyar da ɗalibai da kanta idan an tashi aiki, in saya in aiko. Na duba, kuma shawarata ita ce kada ka fitar da ko sisi. Bari dai in warware maka yadda abin yake a nan, ka tsinci wanda ya shafe mu.

A kwalejin da nake aiki, a sashen kula da kwamfuta, babu mai bi aji-aji yana danna makunni. Saura minti 15 a rufe ɗakin karatu, sanarwa za ta fito a fuskar kowace kwamfuta cewa a adana aiki, za a kashe. Nan za ka ga ɗalibi ya zabura yana laluben filashi a jaka, wani kuma ya ɗago kai yana hararar ma'aikaciyar ɗakin, alhali ita ma ba ta da ikon ƙara masa ko daƙiƙa ɗaya. Lokaci na cika, layi-layi suke mutuwa. A daren da za a yi musu sabuntawa kuwa, daga ofis ake aika musu saƙo ta wayar intanet, su farka cikin dare, su karɓi abin da Microsoft ta fitar, su sake mutuwa kafin masu shara su iso. Wannan dabarar tayarwa ita ce Wake-on-LAN, kuma Microsoft kan saki manyan gyare-gyarenta ne a Talata ta biyu ta kowane wata, don haka tun farkon shekara mun san dararen.

Dalilin duk wannan ɗawainiya shi ne wutar Ingila ba ta ɗaukewa, kuma tana da tsada. Kwamfutar da aka manta a kunne ranar Juma'a, haka za ka tarar da ita Litinin tana shan wuta. Bayan yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022 farashin makamashi ya haura, har a watan Oktoba na shekarar gwamnati ta sa hannu ta tsayar da yunit ɗaya na gidaje a wajen kwabo 34 na kuɗinsu. Makarantu da kamfanoni nasu cinikin daban ne, amma mu yi lissafi da wannan. A ɗauka kwamfuta da allonta suna cin wat 60, an bar guda 300 a kunne awa 14. Yunit 252 ke nan, sama da fam 85 a dare ɗaya, ba wanda ya buga ko harafi.

Shi ya sa ake da kamfanonin da wannan ce sana'arsu. Akwai NightWatchman wadda kamfanin 1E na Landan ya ƙirƙira, akwai Power Save ta Faronics na Kanada. Lasisi ake saya gwargwadon yawan kwamfutoci. To amma ba kashewar ake biya wa kuɗi ba. Abin da ake saya shi ne mutum ɗaya ya zauna a teburinsa ya juya dubban na'urori a gine-gine daban-daban, sannan ƙarshen wata a fitar da rahoto mai zane-zane a kai wa shugabanni, ga yunit kaza da aka tsimi. Bature da son rahoto sai Allah. Kai da kwamfutocinka ke ɗaki biyu, kana iya ganinsu duka daga bakin ƙofa, me za ka yi da wannan?

Windows ɗin da ke kansu tana da abin a cikinta, kyauta. Idan ka buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta shutdown /s /t 3600, bayan daƙiƙa 3600, wato awa ɗaya, za ta mutu. Ka sa /r a madadin /s, sai ta mutu ta sake tashi. In ka fasa, shutdown /a zai soke. Don kada ka riƙa rubutawa kullum, sai ka shiga Task Scheduler, mai tsara wa Windows lokutan ayyuka, ka zaɓi lokaci, misali ƙarfe 9 na dare, ka ce ta gudanar da shutdown da /s /t 300. Kana iya ƙara /c ka rubuta gargaɗi da Hausa, zai fito wa ɗalibi yadda ka rubuta shi. Abu ɗaya ka kiyaye: muddin ka sa wa'adin da ya wuce sifili, Windows ba za ta tsaya tambayar kowa ba, dole take rufe duk abin da ke buɗe, wanda bai adana aikinsa ba ya tafi. Idan yaronka na shago ya ga wannan da wuya, akwai Wise Auto Shutdown, ƙaramar manhaja ce ta kyauta, danne-danne kawai. Daga shafin masu ita za a sauke, ba daga filashin da ke yawo hannu-hannu ba.

Akwai abin da ya fi kashewar muhimmanci, wanda ko a nan mutane da yawa ba su sani ba. Tun daga Windows 8 a 2012, akwai tsarin Fast Startup. Idan yana kunne ka danna kashewa, ba mutuwa take yi gaba ɗaya ba. Tana ajiye zuciyar tsarin a faifai ne don gobe ta tashi da sauri, kamar mutumin da ya kwanta da takalmansa a ƙafa. Duk matsalar da ta kwana da ita, da ita za ta wayi gari. Restart ne ke zubar da komai a faro sabo. Saboda haka kwamfutar da ta fara nauyi, ko firinta ta ƙi ganinta, sake tayarwa take so. Mu a nan sau ɗaya a mako muke tsara musu ita. Kada ka raina abin. A watan Satumba na 2004, cibiyar kula da zirga-zirgar jiragen sama da ke Palmdale a Kalifoniya ta rasa sadarwar rediyo da matuƙa na sa'o'i, ɗaruruwan jirage suka shiga ruɗani. Na'urar tana da wani ma'aunin lokaci da ke ƙarewa bayan kwana 49.7, ƙa'ida ita ce a sake tayar da ita duk kwana 30, sai ba a yi ba.

Yanzu mu dawo Kano. Ruwan da ya dake ka shi ne ruwa. Ba na musun cewa wuta ta yi tsada a gida, tun da a Afrilun 2024 aka ɗaga yunit na 'yan Band A daga naira 68 zuwa 225, kafin a ɗan rage. In layinka na ciki, kashewar dare za ta rage maka kuɗin mita. Amma abin da ke cinye maka kwamfutoci ba daɗewa a kunne ba ne, mutuwar ba-zata ce: ɗaukewar wuta tana tsakiyar rubutu a faifai, ko ɗan tsakanin nan kafin a tayar da janareto. Agogo bai san lokacin da za a ɗauke wuta ba. Batir ne ya sani. Abin da kake bukata shi ne UPS, wato akwatin batir da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, mai ramin USB a bayanta. Ka haɗa ta da kwamfutar, Windows za ta ɗauke ta a matsayin batir, kamar na laftof, sai ka umarce ta da ta rufe komai cikin natsuwa idan caji ya yi ƙasa. Na kamfanin APC suna da manhajarsu, PowerChute. Masu arha da yawa ba su da wannan rami, ƙara kawai suke yi har su mutu. Ba sai kowace kwamfuta ta samu ba, ka fara da wadda ke riƙe da rajistar ɗalibai da lissafin kuɗi.

Sai batun gwanjo. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 ba ta karɓar tsofaffin na'urori, don haka ofisoshi a nan sun fitar da lafiyayyun Dell da HP masu yawa. Wasu dai za su ƙare a Computer Village ta Ikeja, daga nan su hauro Arewa. Irin waɗannan sukan zo da saitin tsohon gidansu a BIOS, wato saitin da kwamfuta ke bi tun kafin Windows ta tashi. Idan ka ga wata ta kunna kanta da safe ba wanda ya taɓa ta, kada maigadi ya ce aljanu ne. A Dell ka duba Auto On Time ka kashe. Kusa da shi akwai AC Recovery, mai yanke abin da za ta yi idan wuta ta dawo. A nan wasu na'urori ana barin su su tashi da kansu. A wurinka ka sa Power Off, don wutarmu takan dawo da ƙarfi, ta ɗauke, ta sake dawowa. Sannan ka canja ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032. In ya mutu, agogon kwamfutar zai rikice, ƙarfe 9 ɗinka ta faɗo tsakiyar darasi.

Ta fannin gyara kuwa, gida ta fi nan sauƙi nesa ba kusa ba. A nan kuɗin aikin mai gyara kan kusa kai kuɗin tsohuwar kwamfutar, shi ya sa suke zubarwa. A can yaro zai kwance ta a gabanka, kafin la'asar ka ɗauki abinka.

UPS ba zan aiko ba. Fulogin nan da namu iri ɗaya ne, mai ƙafa uku, ƙarfin wutar ma ɗaya, amma nauyin batirinta zai sa kuɗin dako ya wuce kuɗinta. A can Kano za ka saya. Wayoyin USB da ƙananan batiran zan ba mai tahowa. Ka sa a ɗauko mini hoton bayan UPS ɗin da kake da su ta WhatsApp, in ga irin ramin kafin in saya. A gaida Hajiya, a ce ina neman addu'a.