Kafin ka kashe ko sisi a shirin intabiyun aikin kodin

Duk wanda ya gama koyon kodin, wato rubuta manhajar kwamfuta, ya fara neman aikinsa na farko, tambaya ɗaya ce ke cinsa a rai: me zan saya in shirya? Littafi ne, ko LeetCode (shafin atisayen tambayoyin kodin) na biya, ko kwas, ko makarantar horo ta 'yan watanni? Toh yawancinsu ba ka buƙatarsu. Kuma in faɗa tun yanzu, ni ina da gwani a cikinsu, ba zan ɓoye ba.

Fara sanin me ke jiranka tukuna. A aikin matakin farko yawanci gwaji ne a intanet mai ƙayyadadden lokaci, in ka tsallake sai a haɗa ka da injiniya na kamar minti 45 zuwa awa guda, ya ba ka tambaya ɗaya ko biyu ka warware yana kallonka, sannan a tone ayyukan da ka rubuta a takardar neman aikinka, a ɗan taɓa Git (manhajar adana tarihin sauye-sauyen kod) da SQL (yaren tambayar rumbun bayanai). Wasu kamfanonin ma FizzBuzz za su fara jefo maka, ka buga 1 zuwa 100, inda 3 ke rabawa ka ce Fizz, inda 5 ke rabawa ka ce Buzz, kuma wallahi akwai masu daskarewa a nan.

Gwanina shi ne NeetCode 150, jerin tambayoyin atisaye guda 150, amma da sharaɗin ka haɗa shi da abokin gwaji mai rai. Jerin kyauta ne, ya haɗiye tsohon jerin nan Blind 75 ya ƙara wasu 75 a kai, kuma abin da ya sa nake sonsa shi ne an jera tambayoyin bisa salo, ba a watse ba. Za ka fara da jerin bayanai da teburin hash (ma'ajiyar da ake nemo abu a cikinta nan take), ka wuce salon manuni biyu, da binciken raba-biyu, da taga mai zamewa, kafin ka kai bishiyoyi da giraf, wato tsare-tsaren bayanai masu rassa da alaƙoƙi. Ɗauki Two Sum, tambaya ta 1 a LeetCode: an ba ka lambobi, nemo biyun da in an haɗa su za su ba da jimlar da ake so. Sabon shiga zai gwada kowace lamba da kowace, aikin ya ninka kansa in lambobin sun yi yawa, mai salo kuwa zai bi jerin sau ɗaya tak yana ajiye abin da ya gani a teburin hash. In ka gane wannan dabarar ba tambaya ɗaya ka koya ba, ka buɗe ƙofar tambayoyi masu yawa ne. Akwai bidiyon bayani na kowace tambaya, galibi da yaren kodin na Python, amma don Allah ka yi kokawa da ita na rabin awa kafin ka danna bidiyon, in ba haka ba kallo kawai kake yi. Kuma ba dole sai ka gama 150 ɗin ba, masu sauƙi da matsakaita sun ishi mai neman aikin farko.

Batun abokin gwaji kuwa shi ne zuciyar maganar. Mai intabiyu ba amsa kaɗai yake jira ba, so yake ya ji yadda kake tunani, ko kana tambaya kafin ka fara rubutu, me zai faru in jerin fanko ne, me zai faru in lamba ta maimaitu, ko kana iya karɓar gyara ba ka rikice ba. Wannan ba a koyonsa a ɗaki kai kaɗai baki a rufe. Nemi wani mai koyo irinka, ku sa agogo, yau kai ne mai tambaya gobe shi. Shafin Pramp ma haka ya riƙa yi, ya haɗa ka da baƙo ku yi musanya, kuma zaman da za ka yi a kujerar mai tambaya zai nuna maka yadda shirun ɗan takara ke da nauyi.

Sauran fa? LeetCode na biya, amfaninsa ganin tambayoyin da aka danganta da wani kamfani, in ba ka da ranar intabiyu a hannu ka bar shi, tambayoyin kyautar ma ba za ka ƙarar da su ba. HackerRank, wani shafin gwajin kodin, ka leƙa na kwana biyu don hannunka ya saba da shafin, tunda kamfanoni da dama a can suke gwajin farko. Littafin Cracking the Coding Interview na Gayle Laakmann McDowell, bugu na 6 na 2015 mai tambayoyi 189, babinsa na Big O (auna yadda aikin kod ke ƙaruwa in bayanai sun yi yawa) yana da kyau, amma amsoshin da yaren Java suke. ChatGPT yana iya yi maka bayani, amma saurin yabonsa ya yi yawa.

Ni ma'aunina na farko yanzu kafin in biya komai shi ne: ana mayar da kuɗi, kuma a rubuce yake? Wani kwas da aka taɓa tallata min da sunan sabo, da na shiga bidiyoyin tsofaffi ne tukuf, mai shi kuma ya daina amsa saƙo daga ranar da kuɗi suka shiga. Don haka duk wanda ya ce maka "aiki tabbas bayan wata uku", ka tambaye shi ɗalibai nawa suka fara, nawa suka gama, nawa suka sami aikin kodin na gaske. Ba ƙananan 'yan damfara kaɗai ba, a 2024 hukumar kare masu hulɗar kuɗi ta Amurka ta hukunta makarantar horon kodin BloomTech, wadda a da ake kira Lambda School, kan yaudarar ɗalibai game da bashin karatu da kuma zuzuta adadin waɗanda suka sami aiki. Tsarin nan na "kar ka biya sai ka fara ɗaukar albashi" bashi ne, ka karanta takardar har ƙarshe kafin ka sa hannu.

Wanda ya fi muni shi ne intabiyun bogi. Wani zai tuntuɓe ka a LinkedIn da hoton kamfani da albashi mai tsoka, ya ce ga ɗan aikin gwaji a GitHub (shafin ajiye kod), sauke ka kunna a kwamfutarka. Kana buga npm install, umarnin da ke sauko da kayan da aikin ke buƙata, ɓoyayyiyar manhaja ta shige, ta kwashe kalmomin sirrin da ke burauzarka da walat ɗin kirifto in kana da shi. A Nuwamban 2023 masu bincike na kamfanin tsaron intanet Palo Alto Networks suka fallasa irin wannan, suka sa masa suna Contagious Interview, suka danganta shi da Koriya ta Arewa, kuma masu neman aiki ido rufe su suka fi saurin faɗawa, kwaɗayi mabuɗin wahala. Haka wanda zai ce ka biya kuɗin rajista ko na laftof kafin ka fara aiki, da mai cewa zai zauna maka intabiyu ta bayan fage, da masu sayar da "tambayoyin da suka fita" waɗanda kwafe su kawai aka yi daga shafukan kyauta. In an turo maka aikin gwaji, fara duba adireshin imel ɗin ko na kamfanin ne da gaske, ka nemi gurbin aikin a shafinsu da kanka, ka buɗe fayil ɗin package.json, mai lissafa abin da aikin zai sauko ya kunna, ka karanta, sannan in za ka kunna, ka yi a kwamfutar gwaji ta cikin kwamfuta wadda babu asusunka ko ɗaya a ciki.