Sharhi kan dateutil: mai saurin karanta kwanan wata, mai yawan cinta

Masu rubuta manhaja da Python a nan Katsina, musamman masu kwashe rajistar ɗalibai ko katin marasa lafiya zuwa kwamfuta, sun saba da dateutil, wani ƙarin kayan aiki na Python mai sarrafa kwanan wata. Ka miƙa masa kwanan wata a kusan kowace siga, ya karanto maka. Wajen sauƙin aiki kam, ba a magana.

Matsalarsa ita ce yakan yi cinta, kuma ba ya sanar da kai. Mu a Nijeriya rana muke fara rubutawa, shi kuwa tsarin Amurka yake bi, wata ne a gaba. Gwada shi da ranaku biyu. Ranar da aka ƙirƙiro jihar Katsina, 23/09/1987, zai karanta ta daidai, don babu wata na 23, sai ya juya da kansa. Amma ranar samun 'yancin kai, 01/10/1960, za ta fito 10 ga Janairu. Jeri ɗaya, karatu iri biyu, ko uffan bai ce ba. A shekara ranaku 132 ne ke iya juyewa haka, wato duk ranar da ba ta wuce 12 ba kuma lambarta ba ta zo ɗaya da ta watan ba.

Maganin da aka fi sani shi ne a sa dayfirst=True, wato a gaya masa rana ce a gaba. Yana gyara wannan, sai dai akwai tarko: in jerin ya haɗa da siga irin 2024-03-04 (shekara-wata-rana, wato 4 ga Maris), ita ma zai juya ta ta koma 3 ga Afrilu. Irin waɗannan isoparse ake ba su, wato ɓangaren dateutil da aka keɓe wa wannan siga.

Sunayen watanni da Hausa, su Maris da Afrilu, bai san su ba sai an koya masa ta parserinfo, inda ake ba shi jerin sunayen watanni. In kuma ba a rubuta rana ba, ranar yau yake cusawa a gurbin, abin da kan ɓata ranar haihuwa ba a lura ba.

Ga takardun da aka tabbatar da sigarsu, strptime, mai karanta kwanan wata da ke zuwa tare da Python, da tsarin %d/%m/%Y (rana/wata/shekara) ya fi shi aminci, don da ya ci karo da abin da bai dace ba sai ya tsaya ya fitar da kuskure. A bar wa dateutil saƙonnin da sunan wata ke rubuce da Turanci.