'Yar rariyar baƙin mai da ke cikin tof silinda: a wanke, a sayi sabuwa, ko a ƙyale?

Idan ka ce wa mai tsohuwar Corolla ko Camry ko Honda a Birnin Kebbi filtar baƙin mai, abu ɗaya zai zo masa a rai: gwangwanin nan da ake kwancewa duk ranar juye. Amma a yawancin injinan da aka rubuta wa VVT-i ko VTEC a murfi, wato tsarin Toyota da na Honda na sauya yadda bawul-bawul na inji ke buɗewa, akwai ta biyu. 'Yar rariya ce ta waya mai ƙananan idanu, tsawonta bai wuce gaɓar yatsa ba, tana ɓoye cikin tof silinda, wato ɓangaren saman inji. Jadawalin sabis da ke zuwa da motar bai sa ta cikin abubuwan da ake sauyawa lokaci-lokaci ba, shi ya sa mota za ta shekara 20 tana aiki, ta baro Amurka, ta sauka Kwatano, ta wuce hannu uku ko huɗu kafin ta iso Jega, ba wanda ya taɓa ɗora ido a kanta.

Ba kowace tsohuwar mota wannan magana ta shafa ba. Peugeot 504, da Golf 3 mai inji 1.8 da ake lodi da ita a tasha, da Camry mai silinda 4 ta shekarun 1997 zuwa 2001 mai injin 5S-FE, duk ba su da wannan tsari. Idan wani ya ce zai caje ka kuɗin wanke ta a irin waɗannan, riƙe kuɗinka. Waɗanda abin ya shafa su ne irin Corolla ta 2003 zuwa 2008 mai injin 1ZZ-FE, da Camry ta 2002 zuwa 2009 mai injin 2AZ-FE, wadda 'yan kasuwa ke kira Big Daddy ko Muscle gwargwadon shekararta, da Honda Accord mai injin K24 da ake kira EOD. Honda ta fito da VTEC tun 1989, Toyota kuma ta kawo VVT-i a tsakiyar shekarun 1990, don haka da yawa daga cikin motocin gida da ke kan titunanmu yanzu suna cikin wannan sahu.

A waɗannan injina baƙin mai ba santsi kawai yake bayarwa ba, aikin turi ma yake yi. Famfo ya ɗebo shi daga ƙasan inji, ya bi ta babbar filta, ya hau sama ta ƙananan hanyoyi. Wani kaso daga cikinsa sai ya ratsa 'yar rariyar nan ya shiga wani bawul mai aiki da lantarki, wanda a gareji za ka ji ana ce masa solonoyid, wasu kuma sensa. Ƙwaƙwalwar mota ce ke ba bawul ɗin umarni, a tsarin VVT-i shi kuma ya tura mai cikin giyar da ke kan kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul-bawul na inji, ta ɗan juya gaba ko baya, lokacin buɗewar bawul-bawul na inji ya sauya gwargwadon yadda ka taka totur. Sandar da ke kai-komo a cikin solonoyid ɗin ta zauna cif, ɗan tsakuwar datti kaɗan ya isa ya maƙale ta. Rariyar don ita aka sa ta.

Wani zai ce, to ai babbar filta ta riga ta tace man. Ba kullum ba. A cikin babbar filta akwai wata ƙofar ko-ta-kwana da ke buɗewa idan filtar ta cushe, ko kuma mai ya yi kauri da sanyin asuba irin na hunturu, don kada inji ya rasa mai gaba ɗaya. Duk sanda ta buɗe, man da ba a tace ba ne ke hawa sama. Sannan akwai dattin da ake haifarwa bayan an wuce filta, musamman gam ɗin da yaran gareji ke lafta wa murfi idan ba a sayi sabon gasket ba. Rarar da ta matso ta ciki takan bushe, ta ɓalle, ta bi mai.

Game da ko toshewarta na kashe inji, a nan ina so hankalin mutane ya kwanta. A injinan Toyota da na ambata, man da ke bi ta rariyar na tsarin VVT-i ne, ba shi ke ciyar da metal na ƙasa ba, wato shimfiɗar da babbar sandar inji ke juyawa a kai. Toshewarta kaɗai ba za ta sa inji ya buga ba. Abin da za ka gani shi ne mota ta yi nauyi, ka taka don wuce tirela a hanyar Koko zuwa Yauri ta ƙi amsawa yadda ta saba, shan fetur ya ƙaru, wani lokaci ta riƙa karkarwa a silo, wutar cek, wato fitilar gargaɗin inji, ta kama. Idan aka sa na'urar duba matsalar mota, a Toyota akan ga lambar P1349 ko P0012 ko P0011. Honda ta fi nuna fushinta a fili: lambar P2646 ko P2647, ko P1259 a waɗanda suka fi tsufa, kuma da allurar agogon juyawar inji ta doshi 3,000 sai motar ta riƙa fizga ta ƙi wucewa nan. Da tsadar fetur ta yau, motar da ke sha fiye da ƙima tana cin aljihunka kullum ko da ba ta tsaya a hanya ba.

Kafin a kwance komai, a zaro ma'aunin mai a duba. Ƙarancin mai na kawo waɗannan alamomi iri ɗaya sak, kuma 1ZZ-FE na farko-farko da 2AZ-FE na wajen 2007 zuwa 2009 an san su da shan baƙin mai ta wajen ring ɗin fistan. Mutane da yawa sun sayi kaya alhali mai ne kawai ya yi ƙasa a inji.

Idan mai ya cika kuma matsalar tana nan, zaɓi mafi araha shi ne wankewa, kuma a Toyota da shi nake so a fara. A Corolla da Camry ɗin nan rariyar tana bayan wani ƙusa mai babban kai kusa da solonoyid, ko da yake wani lokaci sai an kawar da abin da ya tare hanya kafin sifana ta shiga. Ka tsaya a wurin lokacin da za a ciro ta, ka sa a ɗora ta kan farar takarda. A jiƙa ta cikin fetur mai tsabta ko a fesa mata maganin wanke kafireto, a goge da tsohon buroshin haƙori a hankali, sannan a ɗaga ta saitin rana. Idan haske ya ratsa ko'ina kuma ba inda wayar ta yage, ta koma aiki. Kada a tsokane ta da allura, kada a busa ta da iskar kwamfuresa mai ƙarfi, domin robar da ke riƙe da wayar ta sha zafi shekara da shekaru, ba ta da wuyar karyewa. A mayar da ita ta fuskar da ta fito, a sa sabuwar wasa, wato zoben da ke ƙarƙashin kan ƙusar, kuma a ɗaure da hankali, don tof silinda na alminiyam ne. Yaro ya sa ƙarfi zare ya cinye, ƙaramin aiki ya zama babba.

A Honda lissafin ya bambanta. Rariyar solonoyid na VTEC haɗe take da robar gasket ɗinsa, abu guda ne. Robar da ta shekara 15 ta riga ta sandare, idan aka wanke aka mayar, sau da yawa yoyo ke biyo baya ta bayan inji. A nan sayen sabuwa ya fi. Injin K24 yana kuma da wata rariyar daban ta tsarin VTC, mai juya giyar kamshaf, a ɗaya gefen tof silinda, wadda aka fi mantawa da ita. In dai an tashi yi, a duba su duka biyun.

Sabuwa ta asali, idan ta samu, ita ce zaɓina ga duk wadda ta yage ko ta tsage. Kuɗinta ba ya kusa da na solonoyid. Wahalarta ita ce samu, domin masu shagon kayan mota a Argungu ko Zuru ba kasafai suke ajiye abin da ba a tambaya ba, sai dai a yi saƙo Sakkwato ko Ƙofar Ruwa a Kano. A aika da hoton tsohuwar da lambar inji, kada a tsaya ga sunan mota. Sabuwa mai araha da ba a san kamfaninta ba kuwa, a ajiye ta gefe da tsohuwar a gwama. Idan idanun wayar sun fi faɗi ko bakin bai zauna daidai ba, tsohuwarka wankakkiya ta fi ta.

Sai kuma abin da aka fi yawan cusa wa masu mota: cikakken solonoyid na Beljiyam. Ba laifi ba ne idan naka ya mutu, kuma na asali da aka ciro daga wani inji yakan fi sabo na jabu daɗewa. Amma a tabbatar ya mutu tukuna. Mai wayarin zai iya auna na Toyota da mita, ya kamata ya nuna tsakanin om 6.9 zuwa 7.9 idan yana da sanyi, kuma idan aka taɓa masa wutar batir za a ga sandar ciki ta motsa da ɗan ƙara. Abin da ke ba ni takaici shi ne a Toyota rariyar ba a jikin solonoyid take ba. Sai a sa wa mutum wani, a goge lambar da na'ura, ya biya ya tafi, bayan kwana biyu wuta ta dawo, don toshewar tana nan inda take. Daga nan sai a ce giyar kamshaf ce, kuɗi ya ƙara tashi. Ita giyar tana da tata alamar: ƙarar gurnani na daƙiƙa ɗaya ko biyu da zarar an tayar da mota da safe. Wannan kam wanke rariya ba kasafai yake maganinsa ba.

Akwai shawarar da ban yarda da ita ba ko kaɗan. Za ka ji makanike ya ce, "Alhaji, wannan ita ke tare mai, a cire ta kawai a huta." Kuma gaskiya ne, a ranar mota za ta saki jiki. Amma dattin da take tarewa yanzu kai tsaye zai shiga solonoyid da giya, waɗanda kowannensu ya ninka ta tsada sau da yawa. Ka ce masa, "Malam, a wanke a mayar mini da ita." Haka ma maganin wanke cikin inji da ake zubawa kafin juye: a injin da laka ta riga ta yi kauri, yakan ɓamɓaro guntaye su je su toshe rariyar famfon mai ta ƙasa, wadda ita toshewarta kan buga inji da gaske. Gara a yi juye biyu ko uku kusa da juna da mai nagari.

Duk wanda aka zaɓa, idan man da ake zubawa bai sauya ba za ta sake cushewa. Man awo da ake tsiyayowa daga duro a bakin titi ba ka san me ke ciki ba. A murfin Corolla ta Amurka 5W-30 aka rubuta, a EOD kuma 5W-20, amma a nan kusan kowa 20W-50 ake ɗura masa da hujjar zafi. Ni a ganina ingancin man da yin juye kan lokaci sun fi lambar muhimmanci. Zafin Afrilu da ke haura digiri 40 da ƙurar hunturu suna gajiyar da mai da wuri, don haka ba na son a wuce kilomita 5,000. A kuma lura, agogon motar da ta fito daga Amurka mil yake ƙirgawa. Wanda ke jiran ya ga 5,000 a kai, kilomita 8,000 ya yi bai sani ba.

Ga mai shirin sayen mota hannu na biyu, rariyar nan shaida ce da dillali ba ya tunawa ya wanke. Za a wanke inji ya yi ƙyalli, a zuba sabon mai, ita kuwa tana riƙe da tarihin. Ka murza makulli ka tabbata wutar cek ta kama sannan ta mutu bayan inji ya tashi, don akwai masu cire ƙwan. Ka buɗe murfin mai ka haska ciki. Ka tuƙa ta har Kalgo ka dawo, inji ya yi zafi sosai, sannan a sa na'ura. Idan mai motar ya yarda, makanikinka ya ciro rariyar. Ɗan baƙin datti da zaren gam ba abin fasa ciniki ba ne. Laka mai danƙo da ta rufe ta ruf na nufin an daɗe ana tsallake juye, sai a buɗe murfin sama a gani kuma a nemi ragi. Idan kuwa ka ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe a kan takardar, wani abu na cinyewa a cikin inji, ko dai ka lissafa kuɗin wani injin cikin farashin, ko ka nemi wata motar.